Sau Bakwai Cikin Urdun: Magana A Kan Masu Taɓin Hankali Da Shan Magani

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14, Luka 10:30-35

Maganarmu ta wannan wata a kan wata cuta ce wadda mutane ba su so a ambace ta a fili. Idan zazzaɓi ya kwantar da mutum, ko maciji ya sare shi, a kan sanar a ɗakin sujada, a yi masa addu'a, Zumuntar Mata su kai kunu. Amma idan hankalinsa ne ya taɓu, sai gida ya yi tsit, a sa shi a ɗakin baya, in an tambaya a ce ya yi tafiya. Da wuya a sami Ekklesiyar da ba ta da irin wannan gida. Waɗansu sun kai nasu asibiti, an ba da magani, sauƙi ya samu, har yaro ya koma gona ko makaranta. Bayan wata shida ko shekara sai ga ciwo ya komo. In aka bincika, sau da yawa a kan tarar ya daɗe da barin magani, ba wanda ya sani. Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba: me ke sa mai wannan ciwo ya bar maganinsa, me kuma ke riƙe shi a kansa.

Cutar da maganinta

Cikin cututtukan hankali akwai biyu masu tsanani ƙwarai. Ɗaya likitoci suna ce da ita sikizofiriniya. Mai ita ya kan ji muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ya kan tabbata a ransa ana farautarsa ko an sa masa dafi a tuwo, maganarsa ta rikice, ya janye daga mutane, har wanka ya gagare shi. Galibi ta kan fara ne a lokacin samartaka.  A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su kamar mutum miliyan 24, watau mutum ɗaya cikin 300. Bisa ga wannan lissafi, garin da ke da mutum 3,000 ba zai rasa kamar goma ba. Ta biyun ana ce da ita baifola. Mai ita ya kan yi kwanaki ba barci, yana ta surutu da manyan alkawarai, yana watsar da dukiya, sa'an nan ya faɗa cikin baƙin ciki mai zurfi har ya ƙi rai.

Waɗannan cututtuka ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwon sukari cuta ce ta jiki. Ba mu musun abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa a kan aljannu. Amma Matta da kansa, a sura 4 aya 24, ya lissafta masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu kuma dabam. A Yohanna sura 9 kuwa, sa'ad da almajirai suka nemi ɗora makantar wani a kan zunubinsa ko na iyayensa, Ubangiji bai yarda ba. Sabo da haka kada mu yi saurin yanke wa marar lafiya hukunci.

A dā ba a da wani magani mai ƙarfi, sai mari da turu da kulle. Cikin jinƙan Allah aka sami hanya. A shekarar 1949 Likita John Cade a Ostareliya ya nuna amfanin litiyam ga masu hauhawar hankali. A 1952, a asibitin Sainte-Anne cikin birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker suka yi aiki da wani sabon magani, wanda mutanenmu suka fi sani da sunan Largactil. A 1958 Paul Janssen a Beljiyam ya fito da haloferidol. Daga baya aka sami waɗansu da yawa, har da allurar da a ke yi sau ɗaya cikin mako biyu ko huɗu.

Amma sai mu gane aikin maganin nan. Ba ya tumɓuke cutar daga saiwa. Kamar shingen gona ya ke: muddin yana tsaye awaki ba su shiga, ranar da aka cire shi kuwa hanya ta buɗe. A shekarar 2012 Stefan Leucht da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan masu sikizofiriniya. Suka tarar cikin shekara ɗaya ciwon ya komo wa mutum 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ya komo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka janye musu. Duk da haka barin magani abu ne mai yawa ko'ina. A wani babban bincike a Amurka da aka bayyana a 2005, an bi majiyyata kusan 1,500, sai 74 cikin 100 suka bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18 ya cika. Ashe ba halin talaka kaɗai ba ne, ba kuwa na wanda bai yi makaranta ba. Halin ɗan Adam ne, Littafi kuwa ya riga ya nuna mana shi.

Mutumin da ya juya daga ƙofar magani

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, babban mutum, amma kuturu. Wata 'yar baiwa daga Isra'ila ta ba uwargijiyarta labarin annabin da ke Samariya. Na'aman ya yi tafiya mai nisa da azurfa da zinariya da riguna, ya tsaya a ƙofar Elisha da dawakansa da karusansa. Elisha bai fito ba. Manzo ya aika, ya ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun.

Na'aman ya husata. Ya zaci annabi zai fito ya tsaya a gabansa, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu bisa wurin ciwon. Ya kuma rena maganin, gama a ganinsa Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi Urdun. Sai ya juya zai koma gida da kuturtarsa, alhali magani yana kusa da shi, ba ko anini.

Ba mu ga laifin Elisha ba, gama yana da dalili: Allah yana so ya sauke girman kan Na'aman, ɗaukaka kuma ta zama tasa shi kaɗai. Amma mu lura da abin da ya komo da mutumin nan. Barorinsa ne suka matso kusa da shi. Ba su yi masa faɗa ba, ba su ce da shi mai taurin kai ba. Suka kira shi uba, suka yi masa tambaya cikin ladabi: da abu mai wuya aka ce ya yi, ashe ba zai yi ba, balle wannan mai sauƙi? Ya saurare su domin ya san su, ya kuma san suna sonsa. Ya gangara ya nutse sau bakwai, ya warke.

Umarnin bai sāke ba. Urdun ne da fari, Urdun ne daga baya. Abin da ya sāke shi ne bakin da ya faɗa, da yadda aka faɗa. Magani mai kyau a hannun wanda ba a amince da shi ba, a ƙarƙashin katifa ya kan ƙare.

Abin da ke sa a bari

Kamar Na'aman, mai barin magani yana da dalilansa. Na fari, ya ji sauƙi, sai ya ce ya warke. Na biyu, maganin yana wahalshe shi: waɗansu su kan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya, waɗansu su kan kawo barci mai nauyi, ko ƙiba, ko su rage wa mai aure ƙarfinsa, abin da kunya ba ta barinsa ya faɗa. Na uku, cutar da kanta ta kan rufe wa mutum ido har bai san ba shi da lafiya ba. Wannan alamar ciwon ce, kada a ɗauke ta kamar gardama. Na huɗu, kuɗin magani da kuɗin mota da nisan asibiti. Na biyar, kunya, musamman ga saurayi ko budurwa da ke tsoron a fasa aurensu in an ga kati. Na shida, wani ya gaya masa shan magani rashin bangaskiya ne.

Ku duba, 'yan'uwa, kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mafita. Ana iya rage magani, ko a sāke wani, ko a ƙara wanda ke sassauta sandarewar jiki, ko a komar da shansa dare, ko a nemi mai araha. Amma likita ba zai gyara abin da bai ji ba, majiyyaci kuwa ba zai faɗa wa wanda ya ke tsoro ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Amana ita ce igiyar

Masana sun auna wannan abu. A shekarar 1990 Arlene Frank da John Gunderson a Amurka suka ba da labarin majiyyata 143 masu sikizofiriniya. Waɗanda suka ƙulla kyakkyawar amana da mai yi musu jiyya cikin wata shida na fari, su ne suka fi tsayawa kan jiyya, suka fi shan magani yadda aka ce, bayan shekara biyu kuma su ne suka fi samun sauƙi, da magani kaɗan ma.

Tun kafin wannan, masu bi sun gane hanyar. A shekarar 1796 William Tuke da 'yan'uwansa na ɗarikar Kwaika suka buɗe wani gida a York ta Ingila, inda a ke riƙon masu taɓin hankali da mutunci, ba sarƙa ba bulala, a zamanin da a ke ɗaure irinsu kamar dabbobi. A ƙasarmu kuma, a 1954, Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani shiri a Aro kusa da Abeokuta. Ya sauke majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, da rana su zo asibiti, da yamma su koma cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya kusa maimakon ya kore su, gama ya san su ne mutane suka amince da su. Labarin Aro ya kai ƙasashe da yawa, Lambo kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka bayyana wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya ke zuwa wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba majiyyata, suna ba da magani. Waɗanda aka yi musu jiyya ta haɗin hannun nan sun fi sauran samun sauƙi bayan wata shida.

Gare ku ma'aikatan asibiti

Da yawa cikin masu karanta wannan jarida likitoci ne, ko nas-nas, ko malaman asibiti a ƙauyuka. Bulus ya kira Luka likita ƙaunatacce, a Kolosiyawa 4:14. Muna roƙo ku ma a san ku da wannan suna. Mun sani ku kaɗan ne, layi kuwa dogo. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba ta kuwa cin lokaci.

Ku kira majiyyaci da sunansa, ku gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa. Ku yi magana da shi kansa, kada ku tsallake shi kuna tambayar wanda ya rako shi kamar ba ya nan. In kun ce, "Kana shan maganinka?" zai ce i domin kada ya ɓata muku rai. Gara ku ce, "Baba, kowa ya kan manta, cikin makon nan sau nawa ya wuce ka?" In ya faɗi gaskiya ku gode masa, gama in kun tsawata masa yau, gobe ƙarya za ku ji. Ku gaya masa tun da fari wahalar da maganin zai iya kawowa, da cewa amfaninsa ya kan ɗauki makonni kafin ya bayyana sosai. Wanda aka gargaɗa ba ya firgita. Ku ba shi zaɓi inda akwai zaɓi: ƙwaya ko allura, safe ko dare. Ku tambaye shi abin da ya ke marmari, ko komawa gona, ko ɗinki, ko aure, ku nuna masa yadda magani zai taimake shi ya kai can. In da hali, fuskar da ya gani wancan wata ita zai gani wannan wata.

Ku tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya kai mutumin masauƙi, ya biya dinari biyu, sa'an nan ya yi alkawari zai komo. Komowar nan ita ce jiyya ta gaskiya. In ranar majiyyaci ta zo bai zo ba, ku aika, ko ku buga waya. Sau da yawa kira guda ya kan hana kwanciyar wata biyu a asibiti.

Gare ku masu ciwon da iyalanku

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku da ke ɗauke da wannan kaya, ku 'ya'yan Allah ne, jinin Yesu ɗaya ya fanshe mu duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku gaya wa likita dukan abin da maganin ke yi muku, har abin kunya. Kuna da iko ku yi tambaya, ku ce wannan bai karɓe ni ba. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuwa tsaya a kan mutuncin majiyyaci da hakkinsa. Amma kada ku yanke magani farat ɗaya da kanku. Mace da ta yi ciki, ko ta ke son yi, ta sanar da wuri, gama akwai magani irin su balfuro'et da ke cutar jariri a ciki. Mai shan litiyam ya riƙa yin gwajin jini, ya sha ruwa sosai da bazara, ya yi shawara kafin ya shiga azumi. Ku nisanci wiwi da giya, gama su kan ta da ciwon.

Iyali kuwa, ku zama kamar barorin Na'aman. Tuni cikin taushi ya fi gori. Ku haɗa shan magani da abin da a ke yi kullum, kamar addu'ar dare ko cin tuwo. Ku san alamun komowar ciwo: rashin barci, yawan zargi, magana shi kaɗai, ƙin abinci. In kun gan su kada ku jira ranar kati. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Gare ku fastoci da dattawa

Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi ciwo ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun, kamar yadda 2 Sarakuna 20 ta nuna. Addu'a da magani suka tafi tare, ba wanda ya ce Hezekiya ya rasa bangaskiya. Wanda ya tsaya a bagade ya ce wa mai taɓin hankali ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, to, ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Wanda ya gaskata Allah ya warkar da shi, ya je likita ya duba, kamar yadda Yesu ya aiki kutare wurin firistoci su shaida.

A shekarar 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da labarin mutanen da ta tarar a ɗaure da sarƙa a wurare dabam dabam a Nijeriya, har da wuraren addu'a na Krista da na Musulmi. Kada a ji wannan a cikinmu. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa, a Markus sura 5, an sha ɗaure shi da sarƙa da mari, ba su amfana kome ba. Yesu ya tsaya ya yi magana da shi, mutane suka same shi a zaune, da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma aike shi gida wurin danginsa.

Ga aikin da kowace Ekklesiya za ta iya. A keɓe wani abu daga baiko domin kuɗin mota da na magani. A sa mutum ɗaya mai riƙon asiri ya riƙa raka majiyyaci, ko asibitin Barnawa ne a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Maiduguri, ko Jos, ko ƙaramin asibitin da ke kusa. Fasto, da yardar majiyyaci, ya san ma'aikacin da ke duba shi. A hana yara yi masa waƙa da jifa, a daina kiransa mahaukaci. In ya sami sauƙi a ba shi aiki: mawaƙa, shara, karɓar baƙi. Zumunci a ƙafa ya ke, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

In bakwai ta zama shekaru

Dole mu faɗi gaskiya: Na'aman ya warke a nutso na bakwai, amma da yawa cikin 'yan'uwanmu za su sha magani shekaru, waɗansu muddin rai. Akwai wanda likita zai rage masa a hankali bayan ya daɗe lafiya, shawara ce kuwa da za su yanke tare. Wanda nasa ya daɗe kada ya ce Allah ya yashe shi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a kawar masa da ƙayar da ke jikinsa, ba a kawar ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta, da ita kuwa ya yi aikin bishara har ƙarshe. Ƙwayar da a ke haɗiya kowane dare da godiya, ita ma biyayya ce, kamar saukar Na'aman cikin ruwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, kai ka yi hankalin mutum, ka kuwa san inda ya raunana. Ka dubi 'yan'uwanmu masu wannan ciwo, ka kwantar musu da rai. Ka ba likitoci da nas-nas kunnen ji da harshe mai taushi. Ka ƙarfafa iyaye da mata da maza waɗanda suka gaji da jiyya. Ka sa Ekklesiyarka ta zama masauƙi inda a ke karɓar raunanne, a lura da shi har ka komo. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.